Yadda Za Ka Ba Injin Corolla Iska Mai Sanyi Ba Tare da Ka Cika Shi da Ƙura Ba

Abin da samari suke kawo mini a leda su ce in ɗaura musu kusan kullum iri ɗaya ne: filta ja ko shuɗiya mai tsinin kai, da guntun bututu mai ƙyalli, da kilif biyu. Sun ga bidiyo, sun ji yadda mota take gurnani in an taka totur, su ma suna so. Ɗaurawar ba wuya, kafin shayi ya huce an gama. Sai dai in ka cire akwatin iya-kilina na kamfani ka maƙala wannan filta tsirara a cikin bonet, iskar da injin zai riƙa ja ta fi wadda yake ja a da zafi. Ƙara kam za ta ƙaru. Ƙarfi kuwa, a garinmu da rana, sau da yawa raguwa yake yi.

Zan yi maganar ne a kan Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8, don ita ta cika gari kuma ita na fi buɗewa. Mai Camry ko Accord zai iya bin hanyar, wurin da kayan suke zaune ne kawai ya bambanta.

Inji ba fetur kaɗai yake ci ba. Giram ɗaya na fetur sai ya samu iska giram 14.7 yake ƙonewa tas. Silinda kuwa girmanta ɗaya ne safe da yamma, abin da za ta ɗauka ke nan. Iska in ta yi zafi sai ta buɗe ta yi shara-shara, cikin silindar ya cika amma abin da ya shiga ba nauyi. Iska mai digiri 40, irin ta Kano a watan Afrilu da rana tsaka, mita kubik ɗaya nauyinta wajen kilo 1.13 ne. In ta kai digiri 70, irin wadda take kwanciya a bayan lagireto in an tsaya a cunkoso, sai ta sauko wajen 1.03. Kusan kashi 9 cikin 100 sun tafi. A taƙaice duk digiri 10 da iska ta ƙara, ka rasa wajen kashi 3 na abin da injin zai ƙona.

Akwai asara ta biyu da ta fi wannan fitowa a ƙafar direba. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Akwai sansa a jikin bulok da take sauraron wannan, da ta ji sai ƙwaƙwalwar mota ta ja lokacin wutar fulogi baya don kada fistin ya lalace. Nauyin nan da kake ji bayan azahar, ga AC a kunne, ka taka mota tana jan jiki, alhali da asuba ita ce take tashi da ɗan taɓawa, wani ɓangarensa daga nan yake.

Tun yanzu ka sauke buri. Injin nan dokinsa wajen 130 ne. In ka rage zafin iska da digiri 10, kashi 3 na 130 doki huɗu ne, shi ma a takarda. Dokin 15 ko 20 da ake bugawa a jikin kwali ka bar wa mai kwalin. Kuma ba maganin shan mai ba ne, domin iska in ta ƙaru ƙwaƙwalwa fetur take ƙarawa ya dace da ita. Abin da za ka samu shi ne mota ta daina laushi a zafi, ta riƙa amsawa da rana kusan yadda take amsawa da safe. Wannan ya isa dalilin yin aikin, in an yi shi da hankali.

Kafin ka taɓa sufana, ka auna. Ka nemi 'yar na'urar nan ELM327 da ake soka wa a soket ɗin OBD2, wato soket ɗin gwajin mota, ƙarƙashin sitiyari ta wajen gwiwar hagu. Tana magana da waya ta Bluetooth, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wannan soket. Abu uku za ka sa a fuskar wayar: zafin iskar da ke shiga, wanda za ka gani an rubuta IAT, da LTFT, wato yawan gyaran da ƙwaƙwalwa take yi wa fetur, da nauyin iskar da sansa take karantawa. A wannan injin sansar zafi tana cikin sansar iska ne, gida ɗaya, a wuyan murfin akwati.

Ka bar injin ya ɗau zafinsa, ka hau titi mai tsawo, irin hanyar Zariya bayan ka wuce Na'ibawa, ka riƙe gudu ɗaya ka rubuta IAT. Ka ba na gefe ya riƙe wayar, ko ka sa manhajar ta ajiye lambobin. Sannan ka shiga inda ake tafiyar kura, wajen Bata ko Kurna da yamma, ka sake rubutawa. Ka rubuta zafin gari na wannan lokacin. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin gari da IAT. In a kan titi tazarar ba ta wuce digiri biyar zuwa takwas ba, kamfani ya riga ya yi maka aikin, saura gyaran gefe-gefe. In tana haura 15 ko 20 kana cikin gudu, akwai inda injin yake shan iskar cikin bonet, kuma nan za ka fara.

Sau tari ba wani sabon abu ake buƙata ba, abin da aka cire ne za a mayar. Toyota ta yi wa akwatin hanci, bututun roba baƙi da yake zuwa ta gefen batir ya jawo iska daga wajen bayan fitilar hannun direba, tare da wani tulun roba da yake kashe ƙara. Duk motar da ta taɓa bugun gaba ta wannan gefen, ka duba, da wuya ka tarar da su. Mai gyaran jiki ya miƙe ƙarfe, ya fesa fenti, robar da ta fashe ya jefar, mai mota bai sani ba tunda mota tana tashi. Akwatin ya zauna da baki buɗe yana fuskantar injin. Wasu kuma maɗaurin murfin ya karye an ɗaure da waya ko igiyar roba, gefe ɗaya a ɗage. Ka ɗaga hos ɗin da ya tashi daga akwati zuwa bakin injekta, ka lanƙwasa shi ka leƙa cikin lungunan nan nasa ta ƙasa. Nan yake tsagewa, kuma nan ake naɗe shi da salatif a ce an gyara. Wannan tsagar ta fi komai muni, don iskar da take shiga ta nan ba ta bi ta filta ba, ba ta kuma bi ta sansa ba: ga ƙura, ga lissafin fetur ya rikice. In LTFT ɗinka ya haura kashi 10 cikin 100 ta sama, ko fitilar cek ta kawo P0171, fara da nan.

Duk waɗannan ana samun na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ko Panteka ga na Kaduna. Ka tafi da tsohon a hannu, don na 2003 da na 2005 zuwa sama ba lalle su zauna wa juna ba. Daga 2005 totur ɗin na lantarki ne, ba waya. Ka murɗa hos ɗin a gaban mai shago. In ya yi tauri ko ya nuna ƙananan tsaga, ajiye masa.

In ka mayar da komai ka sake aunawa, tazarar ta faɗo, kana iya tsayawa nan. In kana son ƙari, abin da nake yi shi ne in bar akwatin kamfani yadda yake, da filtarsa ta takarda, in ja masa sabuwar hanyar iska daga waje, in kuma kāre shi daga zafi.

Wurin da bakin bututun zai zauna shi ne duk aikin. Kayan da ake yi a Amurka da sunan jawo iska mai sanyi suna saukar da filtar ne can ƙasa, bayan bamba, gaban taya. Can iskar ta fi sanyi, gaskiya ne. Amma ka tuna Agusta a garin nan, kwata ta cika ta haɗe da titi, ba ka sanin zurfin ruwa sai ka shiga. Kowace silinda a wannan injin tana ɗaukar kusan cc 450, tana matse shi kashi 10 zuwa 1, wurin da yake saura a sama in fistin ya hau wajen cc 50 ne kawai. Ruwa ba ya matsuwa. Abin da bai kai rubu'in ƙaramin kofi ba in ya shiga silinda ɗaya, fistin ya hau ya tarar ba wuri, sai kwanrod, ƙarfen da yake riƙe da fistin, ya lanƙwashe, wani lokacin ya huda bulok ya leƙo waje. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma ko ba damina, ƙasa-ƙasa nan ne ƙurar da tayar gaba take tayarwa ta fi kauri. Dubi Land Cruiser da Hilux masu ratsa hamada ta Agadas: bututunsu sama yake hawa, gefen gilas, har kusa da rufi. Ba don ruwa kaɗai ba, can sama iska ta fi tsabta.

Don haka ƙa'idata, bakin bututu kada ya sauka ƙasa da tsayin fitila. A Corolla wurin da ya fi dacewa shi ne ratar da ke bayan fitilar hannun direba, ko cikin madigadi ta sama, inda ƙarfe ya raba shi da ɗakin injin. Ka tabbata robar cikin madigadin nan da take rufe saman taya tana nan. In babu, ka saya ka mayar, in ba haka ba taya ce za ta riƙa watsa wa bututun ruwa da yashi kai tsaye.

Ka kashe mota ka bar ta ta huce, ka cire kan batir na nagatib da sufana lamba 10. Zare soket ɗin sansar iska, danna harshen ka ja, kada ka ja ta waya. Sassauta kilif ɗin hos, ɓalle maɗaurin murfi, ɗaga murfin. Akwai ƙananan tiyo da suke maƙale a jikin murfin da hos, ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka zare ko ɗaya. Cire filta, kwance notin da suka riƙe gindin akwatin, fito da shi. Yanzu za ka ga hanyar da tsohon hancin ya bi da sararin da kake da shi.

Bututun da za ka sa kada ya gaza faɗin bakin akwatin. Inci uku, wato milimita 76, ya wadatar da injin lita 1.8, wanda ko a juyi 6,000 abin da zai iya ja bai wuce lita 5,400 a minti ba. Ka nemi mai lanƙwasuwa na silikon ko roba mai jure zafi, irin mai waya a naɗe a ciki don kada ya shaƙe in injin ya ja. Fayif ɗin famfo na PVC ka bar shi a banɗaki. Tun wajen digiri 60 zuwa 80 yake fara laushi, kuma cikin bonet yana kaiwa haka. Na alminiyam mai laushi irin na hayaƙin kicin yana aiki, amma girgiza tana tsaga shi, ga shi yana ɗaukar zafi, sai an naɗe. Ka gajarta hanya iya yadda za ta yiwu, kwana kuma ta zama mai faɗi. Kwana biyu masu tsini sun isa su cinye duk ribar da ka je nema.

Haɗa bakin ciki da akwatin da kilif, a ɗaure sosai. Bakin waje ka buɗa shi kaɗan ya yi kamar bakin algaita, iska ta fi shiga salin-alin, ka rufe shi da raga mai manyan ido don leda da ganye, har da ɓera, wanda yake son akwatin iya-kilina ya yi sheƙa in mota ta kwana biyu a ajiye. Ragar sauro ta yi ƙanƙanta, ƙura za ta toshe ta. Ka karkata bakin ya kalli gefe ko ƙasa kaɗan, kada ya fuskanci ruwan sama gaba da gaba. Inda bututun ya fi sauka ka huda ƙaramin rami a ƙasansa, ruwan da ya shiga ya zube. Gindin akwatin ma yana da nasa ramin na kamfani, kada ka toshe shi da gam, sai dai ka zura tsinke ka buɗe in laka ta cika shi. Ɗaure bututun da kebul tai a wuri biyu ko uku, nesa da fanka da kan batir na fozitib. Duk inda zai goga ƙarfe ka sa guntun tsohon tiyo a tsakani.

Sai kariya daga zafi. A wannan injin salansa ta baya take fita, wajen dashbod, bakin shan iska yana gaba, don haka abin da yake dafa akwatin shi ne iskar da fankar lagireto take turowa, da hos ɗin ruwa, da giyabos da ke ƙasa. Ka yanka kwali ka gwada siffar katangar da za ta tsaya tsakanin akwatin da injin, ka rufe bonet a hankali ka ga ba ta taɓa ba, sannan ka kai wa mai aikin kwano ya fitar maka da ita a alminiyam. Ka bar rata kamar kaurin yatsa tsakaninta da akwatin. Ratar ce take aikin, in ƙarfen ya manne da robar zafin zai wuce ne kawai. Akwatin da hos kuma ka liƙa musu takardar nan mai ƙyalli mai audugar gilas a ciki, ƙyallin yana kallon waje. Wannan ba zai hana IAT hawa in ka daɗe a tsaye ba, babu abin da zai hana, amma zai rage saurin hawan, kuma da ka samu hanya zai sauko da wuri.

Abu ɗaya da ba a taɓawa: wuyan da sansar iska take zaune. Sansar ba duk iskar take aunawa ba, ɗan abin da ya bi ta kan siririyar wayarta mai zafi take ji, sai ƙwaƙwalwa ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da ta sani tun daga kamfani. In ka mayar da ita cikin bututun da ya fi na asali faɗi da kashi 10 kacal, sararin cikinsa ya ƙaru da kashi 21, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da labari. Sai ta ba da fetur ƙasa da abin da ake buƙata, mota ta riƙa shaƙewa in an taka, silo ya riƙa rawa, fitilar cek ta kama. Yawancin bututun ƙyallin nan masu araha da ake cewa suna shiga kowace mota, matsalarsu ke nan. Tunda sansar tana hannunka, kwance sukurorinta biyu ka fesa mata abin wanke sansar iska, ka bar ta ta bushe da kanta. Ban da fetur, ban da abin wanke kafireta, ban da auduga ko tsinke. Wayar siririya ce sosai, kuma sansar ta asali tana da tsada.

Mayar da komai bisa hoton da ka ɗauka, soket ya yi ƙas, sannan batir. Tayar da mota ka bar ta a silo ba AC har fanka ta tashi. In silon ya ɗan yi sama da ƙasa da farko, ƙwaƙwalwa ce take sake koyo bayan cire batir, zai daidaita. In ta yi zafi, iskar da sansa take karantawa a silo ta tsaya wajen giram 2 a sakan. Ka yi 'yan kwanaki kana hawa, sannan ka koma hanyar da ka auna da farko, a lokaci irin na farko, ka kwatanta tazarar. LTFT ya zauna tsakanin 5 ta ƙasa da 5 ta sama, in ya kai 10 ka sake bin mahaɗai ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya nace sai filtar mai tsini, don ƙarar yake so, ba na faɗa da shi. Sharaɗina a gina mata ɗaki: katanga ta ko'ina, da robar ƙofa a bakin sama yadda bonet in ya rufe zai zama murfi, a kawo mata iska daga waje da irin bututun da na faɗa, a kuma riƙe wuyan sansa na asali ko mai faɗinsa daidai. Sai ya san cewa filtar auduga mai mai tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukanta sun fi na takarda faɗi, kuma ƙurar hunturu gari ce, ta fi yashi laushi nesa ba kusa ba. Ita ce take cin ringi da jikin silinda a hankali har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. In kuma an cika wa filtar mai wajen wanki, man yana tashi ya liƙe a wayar sansa.

Masu Golf 2 da Golf 3 ta Beljiyam mai injekta ɗaya, ku duba wani abu daban. An yi su don sanyin Turai, akwatinsu yana da ɗan ƙyaure da yake jawo iska mai ɗumi daga kan salansa in gari ya yi sanyi. In ya maƙale a wannan gefen, injin iskar salansa yake sha a tsakiyar bazara. A mayar da shi gefen iskar waje. Mai turbo kuwa, tsabtar intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, ta fi masa duk wannan amfani. Kuma don Allah kada wani ya ce maka cire tamostat yana cikin aikin sanyaya iska. Zafin ruwan inji daban, zafin iskar da yake sha daban, kuma injin da ba ya kai zafinsa fetur yake ƙara sha.

Sabuwar hanyar za ta kawo ƙura fiye da tsohuwar in bakinta ya fi buɗewa, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa buɗe akwatin duk lokacin da za ka canza baƙin mai, ko ma kafin nan in kana bin hanyar da ba kwalta. Ka bubbuga filtar a hankali, gefen dattin yana kallon ƙasa. Kada ka ba mai faci ya hura ta da iskar taya, ƙarfin iskar yana yaga takardar ta yadda ido ba zai gani ba. Ka ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsawa ko ka ga ɗigon haske mai ƙarfi a wuri ɗaya, canza ta. Sannan ka shafa farin ƙyalle a cikin murfin da cikin hos, ta gefen da iska ta riga ta wuce filta. In ya fito da ja-ja, ko dai robar gefen filtar ba ta zauna ba, ko murfin bai kama ba, ko filtar jabu ce, kuma sai ka gano wanne ne kafin ka rufe bonet.